Tsakuwa a Ɗakin Inna

Ruwan la'asar ya ɗauke tun kafin magariba, amma tudun bai gama zubar da nasa ba. Kowane indararo yana ɗiga, kowane lambatu yana gudu, unguwar gaba ɗaya tana tsiyaya kamar wankin da aka shanya ba a matse ba. A gida na uku daga sama, Injiniya tana zaune a bakin gadon mahaifiyarta, tana shafa mata man zafi a ƙafar da ta shanye. 'Yarta Auta, mai shekara goma sha shida, tana kan tabarma da littafin lissafi. Maigidan bai dawo daga kemis ɗinsa ba tukuna. A tsakar gida, bishiyar nan mai shuɗin fure, wadda babu irinta a duk tudun, ta zubar da furanninta a kan jiƙaƙƙen daɓe.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya gangara a hankali, ya tsaya.

"Yaran nan da jifan tsuntsu," in ji Inna, bakinta yana ɗan jan magana kamar kullum tun da ciwon ya same ta. "Da ina da ƙafa, da sun ga tsuntsu."

Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi. Na huɗun bai taɓa kwano ba. A tsakiyar ɗakin ya sauka, tsakanin gado da tabarma, alhali silin lafiyarsa lau, taga kuma a rufe take. Dutse ne kamar ƙwan kaza, jiƙe sharkaf, gefe ɗaya da gansakuka. Auta ta miƙa hannu, uwar ta riga ta. Sanyinsa ya ratsa mata tafi har gwiwar hannu.

Injiniya ta san dutsen. Ita ce ta zaɓi irinsa, shekara shida da suka wuce, ta sa aka juye tifa goma sha ɗaya.

Lokacin da aka yanka tudun fuloti-fuloti, ita aka ba aikin ruwa. Ta yi damina guda tana hawa tana sauka da takalmin roba, tana bin ruwa ta ga inda yake so, domin ra'ayinta shi ne ba a koya wa ruwa hanya, tambayarsa ake yi. Ta samu wani tsohon kwari da ya ratsa gangaren tun daga duwatsun sama har ƙasa. Sai ta bar shi a inda yake, ta shimfiɗa masa duwatsu, ta yi masa matakala don ya riƙa karya gudun ruwan, ta kai shi wani tafki da aka haƙa a gindin tudu. A kan taswira ta ja jan layi a gefensa, ta rubuta da hannunta cewa ba a gini a nan. Gida arba'in suka tashi, babu wanda ruwa ya taɓa shigar wa. Shi ya sa sunanta na yanka ya ɓace a unguwar, kowa sai Injiniya.

Magudanar nan ta bayan gidanta ta bi. Da Inna ta faɗi, likita ya ce ita da hawa bene har abada, gidan kuwa duk matakala ne saboda gangare. Fili ɗaya ne shimfiɗaɗɗe, shi ne mai jan layi. Injiniya ta yi sati biyu tana kallon taswirar. Daga nan ta kira birkila daga wani gari, ta sa aka binne magudanar, aka saka bututu a madadinta, aka zuba kankare, aka tayar da ɗaki. Bututun ya yi ƙanƙanta, ta sani. Kuma don kada ya bi ƙarƙashin gadon Inna, ta karkatar da shi, ya je ya buɗe baki a cikin ƙasa, a bayan katangar gidan da ke ƙasa da nata. Ta ce wa ranta na wucin gadi ne, bayan damina za ta gyara. Damina biyu ke nan.

Gidan na ƙasa na wata mai ɗinki ne, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da keken ɗinki da yara uku. A daminar farko bangon ɗakinta ya jiƙe. A ta biyu ya tsage, ruwa ya shiga ya ɓata yadukan mutane. Ƙungiyar mazauna unguwa ta roƙi Injiniya ta duba. Ta je da tef ɗin awo, ta auna, ta ƙwanƙwasa, ta rubuta shafi biyu cewa harsashin ginin bai yi zurfi ba. A wurin taro wani ya ce marigayin dama mutum ne mai son arha, aka yi dariya. Mai ɗinki ta sunkuyar da kai. Injiniya kuwa ta bar dariyar ta wuce.

Daga ranar jifan farko, duk yammacin da aka yi ruwa sai duwatsu sun zo. Ba su taɓa samun kowa ba, ba su fasa ko kofi ba. Abin da ya fi damun Injiniya shi ne inda suke sauka. Ba warwatse suke faɗuwa ba. Suna jeruwa ne, ɗaya bayan ɗaya, daga bangon gabas, su ratsa ƙarƙashin gadon Inna, su ɗan lanƙwasa kusa da ƙofa, su ƙare a kusurwar yamma. Ko da ido rufe za ta iya zana wannan lanƙwasar. Takan yi maza ta share su cikin bokiti kafin maigidan ya shigo, kamar mai ɓoye fitsarin kwance.

Sai kuma sallama ta fara. Da zarar rana ta faɗi, daga bayan bangon gabas inda babu ƙofa babu hanya, muryar dattijo takan yi sallama, a natse, sau uku, da ɗan jira a tsakani. In ba a amsa ba sai ta yi shiru.

"Baƙo ne, ku amsa masa mana," in ji Inna.

"Inna, don Allah ki yi shiru."

"Ni dai ban haife ki da rowar sallama ba."

Maigidan ya zagaya bayan ɗakin da tocila har sau biyu, bai ga komai ba sai jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya dawo yana karkaɗe wando. "Maman Auta, ni kemis na iya. Wannan ba ciwon da nake da ƙwayarsa ba ne. Ke da kika gina ɗakin, babu abin da kika tono?"

"Me zan tono? Ƙasa ce da dutse."

Ta faɗa tana kallon bokiti.

Ran wata Talata aiki ya riƙe ta a ofis. Auta ce kaɗai tare da kakarta lokacin da aka yi sallamar. Yarinya ce mai tarbiyya, kuma hankalinta yana kan lissafi. Ta amsa ba tare da ta ɗago ba, ta ƙara da cewa a shigo.

Tun daga ranar, in hadari ya haɗu, Auta takan ajiye duk abin da ke hannunta ta nufi ɗakin Inna. Takan fara daga bangon gabas, ta bi layin nan a hankali, ta lanƙwasa inda yake lanƙwasa, ta isa kusurwar yamma ta kafa goshi a bango. A nan za ta tsaya har ruwa ya ɗauke, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ƙafafunta kullum a jiƙe, ko an goge sai su sake tsatsafowa. Ta daina cin abinci sai an matsa. An kai ta asibiti, an ɗebi jini, an ɗauki hoton kai, aka ce lafiya lau. Cikin sati uku zoben hannunta ya fara zamewa da kansa.

Maigidan ne ya nemo malamin. Tsoho ne siriri, wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa kafin ya zauna gida, an san shi da karatu a kan masu irin wannan lalura, kuma an san ba ya son hayaniya. Ya ƙi mota, ya hawo tudun da ƙafa bayan la'asar, yana tsayawa yana hutawa. Hadari yana taruwa a gabas.

"Wanda ya yanka filaye a nan bai tuna da tsofaffi ba," ya ce yana haki. Ya dubi lambatun bakin titi. "Amma wanda ya yi wa ruwa hanya ya san aikinsa."

"Ai ga ta nan, Allah gafarta Malam," in ji maigidan da alfahari.

Injiniya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Suka tarar da Auta ta riga ta kafa goshi a kusurwa. Malam ya zauna a kan tabarma, ya sa uwar ta zaunar da ita, ta riƙe mata kafaɗa. Bai ɗaga murya ba, bai ɗauko bulala ba. Ya fara karatu a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ɗakin ya yi duhu. Iska ta tsaya. Can sai yarinyar ta ja mayafi ta ƙara rufe fuska, daga ƙarƙashin mayafin muryar dattijon nan ta fito.

"Ya isa, Malam. Ni ma ina karanta abin da kake karantawa."

"To alhamdu lillahi. Wane ne kai?"

"Mai wucewa."

"Mai wucewa ba ya sati uku a jikin 'yar mutane. Buɗe fuskarka mu yi magana."

"Ba zan iya ba. Kunya nake ji."

Malam ya matso kusa. "Kunyar wa?"

"Tun kafin a haifi kakan kakanka nake sauka tudun nan tare da ruwa, ni da iyalina. Ba mu da gida a nan, hanya kawai muke da ita. Da mutane suka zo muka ce shi ke nan, za a kore mu. Sai wata mata ta zo da takalmin roba, ta bi sawunmu damina guda, ta bar mana hanyarmu, har ta yi mana matakala. Matata ta sa mata albarka." Muryar ta karye. "Yanzu in ruwa ya ɗauko mu, sai mu faɗa cikin wani baƙin rami, ya murɗe mu, ya watsa mu ta tsagar bango cikin ɗakin wata baiwar Allah mai takaba a zuciya. Tana kwance, tana salla, tana sauya tufa. Ni, da furfurata, a gaban 'ya'yana. Ban taɓa shiga ɗakin mace ba sallama ba, Malam, sai da aka mayar da ni ɓarawo."

Maigidan ya juyo ya dubi matarsa. Ba ta ɗago ba. Hannunta yana kan kafaɗar Auta, tana jin ƙashi inda da nama ne.

"Na jera mata duwatsunta don ta tuna, ta share. Na yi sallama, ta hana a amsa. Yarinyar ce ta ce in shigo."

"Kai dattijo," in ji Malam, muryarsa ta yi kauri a karo na farko. "Kana kunyar ɗakin mace, amma ba ka ji kunyar jikin yarinya ba? Ita ta binne maka hanya? Dubi hannunta. An zalunce ka, sai ka nemi wanda ya fi ka rauni ka huce a kansa?"

Ɗigon farko ya bugi kwano.

"Ban kyauta ba," in ji muryar, ƙasa-ƙasa. "Shi ya sa na rufe fuska."

"To fita."

"A rushe ɗakin nan, in fita."

"Akwai tsohuwa marar lafiya a ciki. Ba za a gyara zalunci da zalunci ba."

"Ku rushe mana," in ji Inna daga kan gado. "Ni a kan haƙƙin wani aka kwantar da ni shekara biyu? Shi ya sa bayana bai taɓa daina ciwo ba."

A nan ne Injiniya ta yi magana. Kalmomin a jere suka fito, don ta daɗe da yin wannan lissafin a ranta, ta dai rasa ƙarfin aikata shi. "Ba sai an rushe duka ba. In aka ja bangon kudu baya da taku uku, aka fasa daɓen tsakar gida, magudanar za ta zagaya ɗakin ta koma tsohon layinta kafin katanga. Zan sa babban bututu…"

"Ba ma bin bututu. Buɗaɗɗiya, mai ganin sama."

"Buɗaɗɗiya," ta ce. "Amma lanƙwasar za ta ƙara wa ruwan gudu. Sai na ƙara matakala biyu."

"Uku. Matata gwiwa take fama da ita."

"Allah sarki, ashe har ku," in ji Inna.

"Uku," in ji Injiniya.

"Sai kuma takardar da ta rubuta a kan mamaci. Ina so…"

"Wannan ba naka ba ne," Malam ya katse shi. "Hanya taka ce, an ba ka. Takarda haƙƙin mai ɗinki ce da mijinta, tsakaninsu da wadda ta rubuta da Allah. Ba a karɓar tuba da wuƙa a wuyan 'ya. Ka yi alkawari za ka fita yanzu, ba za ka dawo jikin kowa ba."

"Na yi. Zan jira a duwatsun sama ni da iyalina. Ruwa uku za mu bari ya wuce ba mu bi ba. In na huɗu ya zo hanya a toshe, ba zan taɓa kowa ba, amma zan tashi daga tudun nan, kuma ban san wanda zai maye gurbina ba."

Malam ya ci gaba da karatu. Jikin Auta ya saki a hankali, kanta ya faɗo a ƙirjin uwarta. Daga bayan bangon gabas aka yi sallama sau ɗaya, irin ta mai tafiya. Inna ta amsa da ƙarfi, babu wanda ya hana ta. Injiniya ta taɓa ƙafafun 'yarta, ta ji su a bushe, da ɗumi.

"Mama, yunwa nake ji," in ji Auta.

Maigidan ya raka Malam har gindin tudu cikin yayyafi. Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ai sai da na tambaye ki, Maman Auta." Da ya zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Washegari da hantsi ta sauka gidan mai ɗinki. Taku sittin ne, amma ba ta taɓa yin tafiya mai nisansa ba. Ta tarar da ita a kan keke, an jera bokitai uku a gindin tsagaggen bangon, an ɗora yaduka a kan kujeru. Suka gaisa. Injiniya ta ƙi kujera, ta durƙusa a kan danshin siminti.

"Yaya, harsashin gidanki lafiyarsa lau. Ruwan daga gidana yake. Ni na karkato shi, kuma na sani lokacin da na rubuta takardar."

Keken bai tsaya nan take ba. Sai da mai ɗinki ta kai ƙarshen layin, ta yanke zare da haƙori. Ta tashi ta ɗauko wani gwangwanin madara daga kan taga, ta buɗe, ta juye a gaban Injiniya. Busassun furanni ne, shuɗinsu ya koɗe, sun kai cikin tafi biyu.

"Duk ruwan da ya shigo mini da su yake zuwa," ta ce. "Bishiyar nan guda ɗaya ce a tudun nan, Injiniya. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ina da ido."

"Kin sani? Me ya hana ki faɗa a taro?"

"In ce me? Tela ta ƙaryata injiniya da furen bishiya? Da dariyar ta fi haka." Ta koma kan kekenta. "Kuma na ga ɗakin da kika yi wa tsohuwa. Na ce wadda ta yi wa uwarta haka, wata rana za ta sauko da ƙafarta. Na dai ɗauka ba za ki daɗe haka ba."

Injiniya ta kasa ɗago kai. "Ki yafe mini. Zan gyara bangon, da duk abin da ya ɓaci."

"Bango ai siminti ne. Nawa na yafe. Amma baban yaran nan da hannunsa ya haƙa harsashin nan, yana dawowa daga aiki yana haƙa, har tafinsa ya fashe. 'Ya'yansa suna wurin da aka ce mai son arha ne. A inda aka yi dariyar, a nan za ki faɗa."

Ranar Asabar aka yi taron ƙungiya a ƙarƙashin rumfar da aka saba. Injiniya ta miƙe da shafuka biyun a hannu, ta karanta su daga farko har ƙarshe, sannan ta ce ƙarya ce, ta faɗi abin da ta binne da inda ta karkatar da shi. Ta ambaci marigayin, ta ce harsashinsa ya fi na gidanta zurfi, don ta auna. Babu wanda ya yi dariya. Mutumin da ya yi maganar arha ya cire hula yana duba cikinta kamar ya ajiye wani abu. Babban ɗan mai ɗinki yana tsaye a baya, ya daina kallon ƙasa.

Aikin ya ci kwana tara da ruwa biyu. Da rana tsaka aka yi shi, ƙofar gida a buɗe, duk mai wucewa yana leƙe. Ita ta fara ɗaga guduma. Duwatsun da ta tara a bokiti ta mayar da su da hannunta, ɗaya bayan ɗaya. Wasu maƙwabta sun daina ce mata Injiniya, sun koma Maman Auta, ta kuma amsa.

Ruwa na huɗu ya zo ran wata Laraba, gab da magariba. Ɗakin Inna ya ragu da taku uku, an matsar da gadon jikin taga. Auta tana kan tabarma da kwano a gabanta, tana ci tana lissafi. Injiniya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ruwan ya zagayo ɗakin, ɗauke da shuɗin fure, ya sauka matakala ta farko, ta biyu, ya ɗan jinkirta a ta uku kamar mai jiran wani, sannan ya wuce ta gefen katangar mai ɗinki bai taɓa ta ba.

Ba a yi jifa ba, ba a yi sallama ba. Inna ce kawai ta leƙa taga, ta ɗaga hannunta mai lafiya.

"A sauka lafiya," ta ce. "A gai da mai gwiwa."